Mai tsara lambun da ya buɗe mana Tiga: inda ya burge ni da inda ya gaza

Tun da aka gama gyaran lambun gidan gonarmu na bakin Tiga, duk wanda ya zo tambaya biyu yake yi mini: wa ya yi muku wannan aiki, kuma ya ci kuɗinsa? Amsata ita ce e, ya ci kuɗinsa, amma ba a kan komai ba. Ba zan ambaci sunansa ko na ɗan kamfaninsa ba, tunda zan faɗi inda ya ɓata mini rai, kuma ba na son in taɓa wa mutum hanyar abincinsa. Ɗan Kano ne, ya karanta aikin gandun daji, yana da magina da leburorin da ya saba ɗauka. Yaran aikinsa suna ce masa Injiniya, ni kuwa Malam nake ce masa.

Ga wanda bai san wurin ba, Tiga madatsar ruwa ce da aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Idan ta cika, faɗin ruwanta ya kai murabba'in kilomita 178. Da ita ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Gonarmu tana kan wani tudu da ke gangarawa zuwa ruwan ta yamma. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya gina gidan can sama nesa da gaɓa, domin mutum ne mai tsoron ruwa, musamman bayan ɓallewar madatsar Bagauda a 1988. Ya kewaye shi da doguwar katanga kamar yadda ake gina kowane gida a ƙasarmu, ya jera darbejiya da turare a bayanta. Shekara da shekaru muna zaune a gefen ɗaya daga cikin manyan ruwayen Arewa, amma idan kana tsakar gida ba abin da kake gani sai bulo da ganye. Sai dai ka ji iskar ruwan da ƙarninsa.

Abin da na nema a wurin Malam bai da yawa a baki. Ina son in zauna in ga ruwa, kuma ba na son mai wucewa ya gan ni. Kafin shi mutum biyu sun zo sun duba. Ɗaya ya ce a rushe katangar yamma a sa wayar ƙarfe, wanda ke nufin duk masunci da makiyayin da ya bi ta gangaren zai san abin da muka dafa. Ɗayan ya ce a ɗora bene. Bene kuwa mahaifiyarmu ba za ta iya hawansa ba, kuma ita ce ta fi kowa zama a gidan.

Malam bai zo da zane ba a zuwansa na farko. Kujerar roba ya roƙa. Ya zauna a ƙofar ɗakin Inna, ya tashi ya koma gindin ɗorawa, ya fita bayan katanga ya zauna a kan wani falalen dutse, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Daga nan ya gangara wurin masunta. Na zaci kifi zai saya, ashe tambayarsu yake inda ruwa ke tsayawa idan ya cika a ƙarshen damina, da inda yake komawa a watan Afrilu da Mayu. Suka nuna masa tabon ruwa a jikin duwatsu, wani layi fari-fari da ke raba dutsen gida biyu. Ya kafa turaku a kan wannan layi, ya dawo ya ce mini, "Hajiya, daga nan zuwa ƙasa ba namu ba ne, na ruwa ne da na hukuma. Ko bulo ɗaya ba zan ajiye a can ba." Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da madatsar, kuma mutum mai hankali ba ya gini a inda ruwa zai dawo ya karɓi abinsa.

Wannan tambaya da ya yi wa masunta ita ce ta raba shi da sauran. Tiga ba ta da fuska ɗaya. A watan Satumba da Oktoba ruwa yana kusa, shuɗi ne, ciyawa kore har bakinsa. Da rani ya yi nisa, ana sakin ruwa zuwa gonakin Kadawa kuma rana tana shan nata, sai gaɓa ta ja da baya, ta bar fili mai faɗi na laka busasshiya da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun ana cika madatsar. A Disamba da Janairu kuma hazo yakan sauko ya shafe tsallaken gaba ɗaya, ruwa da sama su zama abu guda, fari fat. Wanda ya zo sau ɗaya a Oktoba ya zana maka lambu, to lambun Oktoba ya zana maka. Malam ya ce ba zai ba da zane ba sai ya ga wurin da rani, ya kuma sake ganinsa bayan ruwa ya cika. Wannan ya ja mana lokaci, maigidana har ya fara ƙosawa, amma ni ban ga laifinsa ba.

Maganar katanga ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ne na ga gwaninta. Ya ce tunda ƙasar gangare ce, ba sai an zaɓi tsakanin sutura da kallo ba. Idan aka ɗauke katangar daga inda take aka mayar da ita can ƙasan gangaren, tsayinta ba zai ragu ba ga wanda ke waje, amma mai zama a sama zai hangi ruwa ta samanta. Na ji maganar, ban gamsu ba. Sai ya ce mu gwada kafin a taɓa bulo ko ɗaya. Ya sa aka kafa dogayen sanduna a inda sabuwar katangar za ta bi, aka ɗaura zana a jikinsu daidai tsayin da yake nufi. Ya auna gangaren da siririn tiyon nan mai ruwa a ciki da magina ke daidaita gini da shi. Sannan ya fasa wata 'yar kafa a tsohuwar katanga, ya ce ƙanwata ta yafa jan mayafi ta zauna a inda rumfa za ta kasance. Ya tura wani dogon yaro cikin leburorinsa ya bi hanyar masunta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana tafe yana waiwaye yana kira. "Ba na ganinta! Ba na ganinta!" Da ya kai wani ɗan tudu kusa da burtali sai ya ce, "Injiniya, ga kan mayafin nan!" Malam ya je ya ƙara tsayin zanar a daidai nan, yaron ya sake bi. Bai tsaya nan ba, ya roƙi wani makiyayi ya ba yaron aron jaki ya hau, ya ce ai ba kowa ke wucewa a ƙasa ba. Har cikin kwalekwale ya sa aka shiga aka duba daga ruwa. Daga can nesa ana iya ganin akwai mutum a rumfa, amma ba a gane ko wane ne, kuma da wannan na yarda.

Ranar da aka sauke tsohuwar katangar yamma, Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Layin bulo na ƙarshe yana faɗuwa ta ce, "Ashe nan kusa yake!" Ta shafe shekaru masu yawa a gidan.

Itatuwa su ne abu na biyu, kuma su ne suka kusa haɗa ni faɗa da Yaya. Malam bai yarda da share komai ba. Ya ce idan ka buɗe ruwan gaba ɗaya daga hagu zuwa dama, ido zai gaji da shi cikin mako guda, kuma ranar yamma za ta gasa gidan. Abin da yake so shi ne ruwa ya bayyana tsakanin itatuwa biyu manya, a bar sauran a ɓoye sai mutum ya taka ya je. Ya ɗaura tsumma ja a jikin wanda za a sare, fari a jikin wanda za a rage wa rassa, ya ce mu kwana biyu muna kallonsu kafin a kawo zarto. Turaren duka suka tafi, kuma ban yi kewarsu ba: suna shanye damshin ƙasa, ba abin da ke tsirowa a gindinsu, ga rassansu na karyewa idan iskar farkon damina ta taso. Darbejiyar aka cire na tsakiya, aka bar na gefe biyu suna tare ranar la'asar. Tsohuwar ɗorawa ta zama ginshiƙin dama. Ya sa aka datse rassanta na ƙasa kawai, yadda mai zama zai hangi ruwa ta ƙarƙashin inuwarta, kuma ya hana a taɓa na sama saboda kalwa.

Ginshiƙin hagu wani gawo ne da ni ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Malam ya ce wannan gawon ya fi duk furen da zai iya sayo mini daraja a wannan wuri. Kowa ya san halin gawo, yana zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, saɓanin sauran itatuwa. To da damina, lokacin da ruwa ke cikowa kuma gari ya yi kore, sai ya tsaya tsirara ya bar ka ka hangi komai ta tsakanin rassansa. Da rani kuma, lokacin da gaɓa ta ja baya ta bar laka, sai ya rufe da ganye ya kare maka mafi munin ɓangaren, ya ba ka inuwa a lokacin da ka fi bukatarta. Manoma sun daɗe da sanin amfaninsa ga gero da dawa. Ban taɓa jin wanda ya yi lissafinsa a kan kallo ba sai shi, kuma na ga hakan da idona damina da rani.

Rigimar a kan mangwaro ce. Mahaifinmu ya dasa shi da hannunsa, kuma yana tsaye daidai tsakiyar inda Malam yake son ido ya bi. Ya ɗaura masa jan tsumma. Yaya ya zo daga Kano ya gani, ya kwance tsumman ya jefar, ya ce sai dai a fasa aikin. Na yi tsammanin Malam zai tsaya jayayya irin ta masu ilimin boko. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, ka fi ni gaskiya. Itacen da uba ya dasa ba a sare shi don kallo." Ya koma ya gusar da rumfar 'yan taku zuwa kudu, ya karkatar da fuskarta kaɗan. Yanzu mangwaron yana gefe, kuma hangen ya koma wajen wasu duwatsu da ke fitowa daga cikin ruwa inda balbelu ke sauka da yamma. A ganina ya fi na farkon kyau. Na ƙara girmama shi a kan wannan fiye da a kan katangar, domin a gidan gado mai aiki da bai iya sauraron 'yan uwa ba yakan tafi ya bar gaba a bayansa.

Gangaren da ke tsakanin gida da sabuwar katanga ya yanka shi hawa uku. Dā can ruwan sama yana kwararowa daga rufin gida ya tsaga ƙasar, har wani ɗan kwazazzabo ya fara buɗewa. Kowane hawa an tare shi da dutsen wurin, an jera ba siminti, yadda ruwa zai tsiyaya ta tsakani maimakon ya taru a baya ya ture ginin. A bakin kowane hawa ya dasa jema a jere. Saiwar jema tana nutsewa ƙasa kai tsaye ta riƙe ta, ba ta yaɗuwa gefe ta cinye wuri, kuma tsayinta bai kai ya tare wa mai zama kallo ba idan ana yi mata aski. Damina ta wuce a kansu, ƙasa ba ta motsa ba, ruwan da ke fita ta ƙasan katanga ma ya daina zuwa ja. Matakalar da ta haɗa hawan ukun masu faɗi ne marasa tsayi, ya auna su da takun Inna, ya sa mata ƙarfen dafawa a gefe ɗaya.

Rumfar kanta ba wani abin a zo a gani ba ce, kuma haka nake so. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba, da jinkar ciyawa mai kauri, da dakali na zama a gefe uku. Ya sauko da bakin jinkar ta yamma ƙasa sosai, ya rataya asabari da ake saki daga la'asar, domin a wannan lokaci rana tana dukan ruwa ta dawo cikin ido, ba mai iya kallonsa. Idan ta kusa faɗuwa sai a naɗe. A gefen rumfar ya yi wani ɗan dakali mai santsi da ya daidaita da alƙibla, da famfon alwala kusa da shi. Ban ce ya yi ba. Ya ce ya lura duk wanda ya zauna kallon ruwa da yamma magariba ce ke tashinsa, to gara a sama masa wurin salla a nan.

Saboda watannin hazo, ya ce dole a sami abin kallo na kusa. Ya dasa kariya a kusurwoyin hawa na sama, ita da ke fure ja-ja a tsakiyar rani ba ganye ko ɗaya a jikinta. Ya gargaɗe ni cewa ruwan jikinta guba ne, don haka ya ɗaga ta a kan tudun dutse inda ƙananan yara ba sa kaiwa. Ya yi shingen lalle a gefen hanyar shiga, ƙamshin furensa yana shigowa har ɗaki. Maigidana ya so a yi ɗan tafki mai feshin ruwa a tsakiya irin na otal. Malam ya ƙi, ya ce mai Tiga a gabansa ba ya bukatar kwatami, kuma sauro kawai zai tara mana. A ƙasan katanga ya sa ƙofar ƙarfe mai kwaɗo, ya ce kada a bar jikoki su sauka su kaɗai, ba don nutsewa kawai ba, har da tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu.

Wani abin da ba ya cikin zane amma ya kamata in faɗa: kafin a kafa harsashin sabuwar katanga, ya ce mu je mu gai da mai unguwa, a kira masunta da makiyayan da ke bi ta nan. Hanyar masunta da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya sun riga gidanmu. Ya ja katangar baya ya bar musu hanyarsu da faɗinta, har ya rage mana ɗan fili. Na san gidaje a bakin ruwa da aka toshe irin wannan hanya, kuma ba su sake samun zaman lafiya da maƙwabta ba. Mu yanzu masuntan in sun fito da karfasa ko tarwaɗa mai kyau, ƙofarmu suke fara ƙwanƙwasawa.

To, inda ya gaza.

Babbar gazawarsa ciyawa ce. Mutumin da ya san darajar gawo da jema, sai ga shi ya nace a shimfiɗa ciyawar kafet mai laushi a hawa na sama, irin wadda ake gani a gidajen manya a Abuja. Na nuna shakka, ya ce ai ruwa na kusa. Ruwa na kusa da ido, amma ɗaga shi zuwa kan tudu aiki ne. Ciyawar tana son ban ruwa safe da yamma duk tsawon rani. Injin sola da ya sa mana a rijiya ƙarami ne, ba ya cika tanki da wuri, ranar da hazo ya yi kauri kuwa da ƙyar yake tura rabi. Kafin watan Maris ciyawar ta yi faci-faci, gara ta shiga ta ƙasa ta gama da sauran. Kuɗi ne masu yawa suka tafi a banza, na ciyawar da na takin da na ɗan aikin da ke ban ruwa. Da na kira shi ya fara cewa mai ban ruwan ne bai yi aikinsa ba, kuma wannan magana ta yi mini ciwo domin ina ganin yaron da tiyo tun asuba. Daga baya ya zo ya duba tankin da kansa, ya yarda lissafinsa ne bai yi daidai ba. Ya cire ta ya dasa ƙiri-ƙiri, wadda ke tsirowa da kanta a bakin hanya, tana jure taku, in ta bushe da rani ta farfaɗo da ruwan farko. Ya rage faɗin wurin ciyawar, ya zuba tsakuwa a sauran. Bai karɓi ladan wannan gyara ba, amma kuɗin ciyawar farko bai dawo ba.

Fitilu ma haka. Ya kafa farare masu haske sosai a jikin ginshiƙan rumfa. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin ruwa ya san abin da farar fitila ke jawowa. Daren farko ƙwari suka rufe mu, cikin shayi, cikin abinci, cikin mayafi, dole muka tashi. Hasken kuma yana kashe ido, ba ka ganin ruwa ko fitilun masunta da ke can ciki. Wannan ya nuna mini cewa duk zaman da ya yi yana nazarin wurin, da rana ya yi shi. An mayar da su ƙanana masu launin ruwan ƙwai, an saukar da su ƙasa a gefen matakala, an kai mai haske ɗaya can nesa kusa da ƙofa don ta janye ƙwarin. Yanzu ana iya zama, amma da kuɗina aka sake sayen fitilun.

Sai maganar lokaci da kuɗi. Ya yi alkawarin gama ginin dutse kafin ruwa ya sauka, bai gama ba, domin ya karɓi wani aiki a Kano ya raba magina biyu. Akwai makonnin da ba ka ganin kowa a wurin sai tarin dutse da baro a kife, wayarsa kuma tana ta ringi ba a ɗauka. Saboda wannan jinkiri aka dasa wasu itatuwan a makare, damina ta yi nisa, ba su kafu ba kafin iskar hunturu, kusan duk gwandar da lemon da aka sa a hawa na ƙasa suka mutu. Leburorinsa kuma sun tafi sun bar ɓaraguzan tsohuwar katanga a bayan gida, sai da na yi ta magana kafin a kwashe.

Tsarin biyansa kashi uku ne: kuɗin zane da nazari daban, sannan kayan aiki, sannan lada. Na ji daɗin yadda ya raba su, domin ka san abin da kake biya. Kuɗin zanen ya yi wa maigidana yawa, ya ce takarda ce kawai. Ni kuwa a ganina shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk aikin, tunda a cikinsa ne aka sami dabarar katangar da ta gawon. Abin da ya zarce ƙiyasi shi ne dutse da dakonsa. Hanyar da ta ratse daga kwalta zuwa gonar ba ta da kyau, masu tifa suna ƙara kuɗi a kan kowane sawu, in ruwa ya sauka ma wasu ba sa yarda su shigo. Dutse da dako kaɗai sun cinye fiye da rabin abin da muka kashe. Malam ya san hanyar tun zuwansa na farko, ya kamata ya sa wannan a lissafi tun farko maimakon ya riƙa zuwa mini da ƙari a tsakiyar aiki. Rasit kuwa yana kawowa ba tare da an tambaya ba, kuma ban taɓa kama shi da ƙarin ko sisi a kan farashin kaya ba. Na sa an bincika mini a kasuwa.

Wanda zai ɗauke shi, ko wani mai irin sana'arsa, ya rubuta abu uku a takardar yarjejeniya waɗanda babu su a tamu: ranar gama gini da abin da zai biyo baya in an wuce ta, wanda zai ɗauki asarar dashen da ya mutu a shekarar farko, da yawan ruwan da lambun zai sha kullum da rani tare da girman inji da tankin da za su iya ba da shi. Ya kuma roƙe shi ya kwana a wurin ko da dare ɗaya ne kafin ya zana inda fitila za ta zauna. Wanda yake son lambu mai furanni kala-kala a gama masa cikin wata guda kafin biki, wannan ba mutuminsa ba ne, za su ɓata. Aikinsa ya fi dacewa da mai fili a gangare, a bakin ruwa ko gindin dutse, wanda zai iya haƙurin shekara guda.

Lokacin fara irin wannan aiki a yankinmu shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwa yake cike ana ganin iyakarsa, hanya ta bushe tifa na iya shiga, leburori kuma sun gama aikin gona. A yi sara da gini da rani, a haƙa ramukan dashe a zuba taki su jira, a dasa da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni. Mu yanzu abin da ya rage tsakaninmu da Malam shi ne gwanda da lemon da suka mutu. Ya ce zai kawo wasu a farkon damina mai zuwa, rabin kuɗin nasa rabi nawa, kuma na ce masa a wannan karon a sa gwaiba da zogale a cikinsu, a rufe gindinsu da ɓuntun shinkafar Kura don riƙe damshi. Ragowar kuɗin ladansa na ƙarshe yana hannuna har sai sun kama.